Yadda ake zuba babban jirgin sararin samaniya na kwaikwayo da faiba da jelkot a zafin Kano

Jirgin sararin samaniya irin na fina-finan almarar kimiyya, in dai ƙarami ne da bai wuce tafin hannu ba, ana iya kwarara masa rezin, wato ruwan roba mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri, a mazubi ya fito dunƙule. Da zarar faɗinsa ya doshi mita ɗaya, wannan hanya ba ta ɓullewa. Rezin mai yawa a wuri ɗaya yakan ɗauki zafi har ya tsattsage, ga nauyi, ga cin kuɗi. Shi ya sa ake yin manyan jirage kamar ƙwarya: ɓawo siriri mai ƙarfi, ciki fayau. Fuskar ɓawon ita ce jelkot, wani rezin mai kauri da launi, abin da ke riƙe da ita ta baya kuma faiba ce, wato tabarmar zaren gilashi, da aka jiƙa da rezin. Kayan iri ɗaya ne da wanda masu gyaran jikin mota ke liƙe fasasshiyar bamba da shi, sai dai a nan kowane ɗan layi da kowane ɗan rami na jikin jirgin dole ya fito.

Za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: jirgi mai siffar faifai, faɗinsa santimita 90, rabi biyu, sama da ƙasa.

Tun kafin a buɗe gwangwani akwai abin da ya kamata a sani. Lokutan da ake rubutawa a jikin kayan nan an auna su ne a yanayi na digiri 20 zuwa 25. Kano a watan Afrilu tana haura 40. A ƙiyasi, duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin lokacin da rezin zai yi kafin ya daskare. Haɗin da zai ba mutum minti 20 a Ingila, a rumfar kwano a Ƙofar Ruwa da azahar ba zai ba shi minti 8 ba. Yawancin aikin da ke lalacewa a garin nan daga wannan ne, ba daga rashin kyawun kaya ba.

Kayan da za a tanada

Rezin na foliyesta na shimfiɗa faiba, jelkot fari ko ruwan toka, da katalis, wato ruwan MEKP da ke sa su daskare. Tabarmar faiba mai yankakkun zare iri biyu, mai giram 300 da mai giram 450 a kowace murabba'in mita, da siririyar nan mai kama da takardar tishu, mai giram 30. Kakin raba mazubi, wanda ba shi da silikon a ciki, da ruwan PVA na rabawa. Asiton na wanke buroshi. Filar mota, sanfefa daga lamba 80 zuwa 600, buroshi mai faɗin inci biyu guda shida ko fiye, ƙaramar rola ta ƙarfe mai tsaga-tsaga, sikelin dijital mai auna giram, da sirinji na mil 10. A Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, wajen masu fentin mota da kayan gyaran jiki, nan ake fara cigiya.

Ka tambayi mai sayarwa abu biyu. Na farko, yaushe rezin ɗin ya zo? Wanda ya daɗe a shago cikin zafi yakan yi kauri, wani lokaci har da gudaje, kuma ba ya jiƙa faiba da kyau. Na biyu, an riga an sa masa kobal ko ba a sa ba? Kobal shi ne ruwan nan mai launin shunayya da ke hanzarta daskarewa. Idan daban aka ba ka, sai ka juya shi cikin rezin ya narke tsaf tukuna, daga baya ka sa katalis. Kada kobal da katalis su taɓa haɗuwa kai tsaye ko a sirinji ɗaya, domin suna kamawa da wuta, har fashewa suna yi.

Katalis ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum. Tabarau mai rufe gefe wajibi ne, kuma a ajiye bokitin ruwa kusa. In ya fantsama, a wanke ido minti 15 ba tsayawa, a wuce asibiti. Takunkumin ƙyalle ba ya tare warin rezin, sai mai tukunyar gawayi ta tace tururin sinadari. A yi aiki inda iska ke ratsawa, nesa da murhu, janareta da mai shan sigari.

Samfurin asali

Duk abin da ke jikin samfurin asali, wato jirgin farko da ake ginawa don a ɗauki siffarsa, zai fito a mazubi, har sawun sanfefa. Ana gina shi da katakon MDF a matsayin ƙwarangwal, a cike tsakani da soso mai tauri na foliyuretan, a shafe da fila, a goge. Farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin kuwa, rezin na foliyesta narkar da shi yake yi nan take. In ba shi da makawa sai shi, a rufe shi ruf da filasta ko rezin na efoksi, kada a bar ko ƙofar allura.

A fesa firaima, a goge da 240, a sake fesawa, a goge da 400 sannan 600 da ruwa. MDF da fila suna shan ruwa kamar ƙasa, saboda haka in ba a toshe su da fenti ba, kaki zai nutse ciki, mazubi ya manne har abada.

Sai maganar gangara. Kowane bango da ke tsaye a jikin jirgin ya ɗan kwanta, ko da digiri 2 ko 3 ne, ta yadda zai zame ya fita. Duk lungun da ya shige ciki ya yi ƙugiya zai riƙe mazubi mai tauri. A ganinmu kuskure ne a nace sai an zuba komai a jiki ɗaya. Bututun injin, eriya, 'yan akwatuna da bindigogi a cire su, a zuba su daban a ƙananan mazuban silikon, a manna daga baya. Babban ɓawon a bar masa layukan faranti da tagogi marasa zurfi kawai.

Mazubi

A kafa samfurin a kan katako mai santsi, a yi masa leɓe mai faɗin santimita 6 zuwa 8 a daidai layin da sama da ƙasa za su rabu. Giɓin da ke tsakanin leɓen da jirgin a toshe da filastisin, wato laka mai laushi da ba ta bushewa, a yanke shi tsaf da wuƙa. A manna 'yan ƙwallaye rabi-rabi guda shida a kan leɓen; su ne za su zama makullin da zai mayar da rabin mazubi biyu daidai wurinsu kullum.

Kaki sau biyar zuwa shida. A shafa siriri, a bari ya yi hazo, a goge da tsumma mai laushi, a jira kamar rabin awa kafin na gaba. Bayan na ƙarshe a shafa PVA da soso mai laushi, shafa ɗaya ba komawa, a bari ya bushe sarai. Zai zama wata 'yar fata kamar leda. A sabon samfuri kada a tsallake PVA don gudun ɓata sheƙi. Sheƙi ana dawo da shi, mannewa kuwa sai da guduma.

Mazubin da kansa ana yin sa ne kamar yadda za a yi jirgin, jelkot sannan faiba, sai dai ya fi kauri sosai, milimita 5 zuwa 6. A yi jelkot ɗinsa da launi daban, baƙi ko ja, don in ana shafa farin jelkot a ciki a ga inda bai rufu ba. Kada a shimfiɗa fiye da faiba biyu a zama ɗaya. A bari ya huce, gobe a ƙara. Haka za a yi wa ɗaya rabin ma. A ƙarshe a ɗaure masa haƙarƙarin katako ta baya da faiba don kada ya murɗe, a huda ramukan noti a leɓe kafin a raba, a bar shi a kan samfurin kwana uku zuwa mako guda. Mazubin da aka cire da wuri yakan lanƙwashe, duk jirgin da ya fito daga cikinsa kuma da wannan lanƙwasar zai fito.

Idan jikin jirgin cike yake da ƙananan ado da ba za a iya cirewa ba, sai a yi mazubin silikon mai kaurin milimita 5 zuwa 8 da rigar faiba a bayansa. Yana fitar da ado da kyau, amma rezin na cin sa a hankali, bai kai mazubin faiba daɗewa ba.

Jelkot

A nan aikin yake. Jelkot shi ne abin da ido zai gani, kuma da wuya a gyara shi bayan faiba ta hau.

A wanke mazubi, a yi masa kaki da PVA kamar yadda aka yi wa samfuri. Kaurin da ake nema kusan rabin milimita ne, wato wajen giram 600 a murabba'in mita. Rabin faifan namu, in aka haɗa da lanƙwasa da ɗan abin da zai hau leɓe, bai wuce kashi uku cikin huɗu na murabba'in mita ba, saboda haka giram 450 ya isa. Katalis kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin jelkot. Lissafin mai sauƙi ne: mil ɗaya a giram 100 shi ne kusan kashi ɗaya cikin ɗari. A zafi, mil 1.5 a kowane giram 100. A raba giram 450 gida biyu, 225 kowanne da katalis mil 3.5, a haɗa na farko a shafe shi, sannan a haɗa na biyu.

Mutane da yawa in zafi ya matsa sai su rage katalis ƙwarai don su samu lokaci. Wannan ba dabara ba ce. Jelkot da aka yi wa rowar katalis ba ya nuna har ciki, yana nan da laushi, daga baya ya yamutse. Abin da ake canzawa shi ne lokacin aiki. Daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe tara na safe shi ne lokacin jelkot a bazara. A kwanar da gwangwanin a ɗaki mai sanyi, ko a tsoma gindinsa cikin ruwan randa, murfi a rufe kada ruwa ya shiga. A haɗa a kwano mai faɗi, ba kofi mai zurfi ba, domin a kofi zafin taruwa yake yi ya daskare a hannunka.

A juya minti ɗaya cikakke, ana kankare gefe da gindin kwano, a hankali don kada iska ta shiga. A shafa da buroshi mai laushi, dogon ja zuwa gefe ɗaya. Ba fenti ba ne, ba a miƙar da shi; ajiye shi ake yi. A fara da lunguna da layuka, a tura shi ciki da bakin buroshi, amma kada a bari ya taru ya yi kududdufi a gindin mazubi.

Sai jira. A safiyar Kano yakan ɗauki minti 40 zuwa awa ɗaya da rabi, a sanyin hunturu ya fi haka. Agogo ba shi ne alƙali ba, yatsa ne. Sa safar hannu, ka taɓa jelkot ɗin da ya hau kan leɓe. Idan fari ya biyo yatsa, da saura. Idan ya ɗan kama yatsan kamar bayan salatif, ka ji ɗan "ɗaf" da ka ɗaga, amma safar ta fito tas babu launi, to ya yi. Ka gwada wuri mafi zurfi ma, domin tururin rezin ya fi iska nauyi, yakan kwanta a gindin mazubi ya hana wurin nuna. Jingina mazubin a tsaye ko sa fanka daga nesa yana maganin wannan.

Abubuwan da ke lalacewa a wannan mataki sanannu ne. Idan fuska ta fito a yamutse kamar fatar kada, ko dai jelkot ya yi siriri, ko an ɗora faiba bai nuna ba, rezin ya narkar da shi. Idan ya janye daga jikin mazubi tun kafin a sa faiba, ya bar wani wuri a lotse marar sheƙi, ya yi kauri da yawa, ko katalis ya yi yawa, ko rana ta bugi mazubin. Idan yana tsagewa ya bar 'yan ramuka zagaye yayin shafawa, akwai silikon ko maiƙo a mazubin, ko ba a goge kaki da kyau ba. Kada kuma a bar shi ya kwana biyu. Faiba ta hau a ranar, in an daɗe ƙwarai washegari da safe. A hunturu a kifa kwali a kai, ƙura ba ta barin wuri mai danƙo.

Shimfiɗa faiba

Tabarmar faiba ba ta son kusurwa mai kaifi. Takan yi gada ta tsallake, ta bar iska a ƙarƙashi, ranar da aka taɓa wurin jelkot ya fashe kamar ɓawon ƙwai. Maganinsa kunu ne mai kauri: rezin giram 100 da katalis, a zuba hodar talk ko yankakken zaren faiba har ya kai kaurin man gyaɗa. A cusa shi a kowane lungu da kowace kusurwa ya mayar da su masu gangara, a ci gaba tun yana ɗanye.

A yanka faiba tun kafin a haɗa rezin. Ga siffar faifai, a yi ta yanka-yanka kamar yadda ake yanka kankana, a yage gefunan da hannu maimakon almakashi don haɗin ya ɓace, kowanne ya hau ɗan uwansa da santimita 2 zuwa 3. Rezin da za a buƙata ninki biyu da rabi ne na nauyin faibar. Shimfiɗa ɗaya ta 300 da ɗaya ta 450 a rabin faifan sun kai wajen giram 560, wato rezin kilo 1.4. Kada a haɗa shi gaba ɗaya. Giram 250 a lokaci guda, katalis mil 2.5 zuwa 3 a zafi, mil 5 a sanyin Janairu. Ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ba a sauka.

A fara shafa rezin a kan jelkot, a ɗora siririyar faibar, a ɗora ta 300, a riƙa dannawa da bakin buroshi, ba ja ba. Ja yana tattara zaren wuri ɗaya. Ka ba ta kamar minti ɗaya. Za ka ga farar tabarmar nan mai tauri ta saki jiki, farinta na ɓacewa har ka hango jelkot ta cikinta kamar ta gilashi. Duk inda ya rage fari, ko bai sha ba ko iska ce. A bi da rola daga tsakiya zuwa baki har ƙananan kumfan su daina fitowa. Wurin da ke ƙyalli kamar tafki kuwa rezin ya yi yawa. Ba ƙarfi yake ƙarawa ba, nauyi ne da saurin karyewa.

A bar shimfiɗar farko ta daskare ta huce kafin ta 450, don kada zanen zare ya bayyana a fuska. Jimillar kauri zai kai milimita 2 da ɗoriya, nauyin kowane rabi kilo biyu da rabi ko kusa. Wurare masu faɗi da shafe su ke lotsawa, saboda haka a kwantar da igiyar soso ko rabin bututun roba a ciki, a rufe da faiba, ya zama haƙarƙari. Inda sandar da za ta ɗauki jirgin za ta shiga, a dasa farantin katako ko alminiyom, a ɗaure da faiba uku.

A damina a ajiye tabarmar faiba cikin leda a ɗaure. Wadda ta sha raɓa takan bar farin tabo kamar madara, kuma wurin ba ya ƙarfi. Ragowar rezin a kwano yakan yi zafi har hayaƙi. A fitar da shi waje a zuba masa ruwa, kada a jefa cikin shara tare da tsumma mai asiton.

Akwai ɗan lokaci, minti 30 zuwa 60 bayan gamawa, da faibar ke zama kamar fata, ta daskare amma ba ta yi tauri ba. A lokacin wuƙa mai kaifi za ta yanke rarar baki kamar ana yanka kilishi, ana bin gefen mazubi. In ya wuce, sai giranda da ƙura mai ƙaiƙayi.

Cirewa da haɗawa

A bar shi a mazubi awa 24 aƙalla, a inuwa. Kada a shanya a rana don ya yi sauri. Wajen cirewa, a soka 'yan tsinken katako ko roba a kewayen leɓe, kaɗan-kaɗan, ana zagayawa. Sukudireba na ƙarfe yana cin mazubi. Za ka ji yana ƙara ƙas-ƙas yana saki. In ya ƙi, a zuba ruwa mai ɗumi ta giɓin. PVA narkewa yake yi a ruwa, bayan ɗan lokaci sai ya taso da kansa. A kifa shi a wuri shafaffe na wasu kwanaki, domin har yanzu yana ƙara nuna.

Duk aikin ciki a gama shi kafin a rufe. Ɓawon faiba yana barin haske ya ratsa, don haka in za a sa fitilun LED, a fesa baƙin fenti a ciki sau biyu, sannan fari a kai don haske ya bazu. A kunna fitila a ɗaki mai duhu a duba inda yake yoyo. A huda tagogi da ƙaramin dirili daga waje, a gyara da fayil, a ja wayoyi, a bar ƙofa ɗaya da za a iya buɗewa don gyara.

A goge bakin rabi biyun ta ciki da sanfefa 80, faɗin santimita 4, a share da asiton. A manna wani siririn leɓe na faiba a cikin rabin ƙasa ya leƙo sama da santimita 1.5, a shafa masa kunun rezin mai kauri, a kifa rabin sama, a ɗaure da salatif mai ƙarfi ko'ina. In hannu na shiga ta ƙofar gyara, a ƙara ɗaurin faiba ta ciki. Washegari a cike layin haɗin da fila, a goge da 180, 240, 400, ana naɗe sanfefar a kan katako don kada a yi rami. Layukan faranti da fila ta cike a sake zana su da bakin allura mai kauri da rula.

Kafin fenti, a ƙwanƙwasa duk kusurwoyi da gindin cokali. Inda ya yi ƙarar fanko akwai iska a ƙasa. A fasa shi yanzu, a cike da fila. A wanke jirgin da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano sau biyu don fitar da kaki da PVA, in ba haka ba fenti zai ɓare kamar ɓawon albasa. A kashe sheƙin jelkot da 400, a fesa firaimar mota siririya, a duba da fitila daga gefe, a gyara abin da ya bayyana, a sake fesawa. Ƙananan sassan da aka zuba daban a manna su da gam na efoksi bayan an kankare firaimar wurin, waɗanda suka yi tsawo kamar eriya kuma a soka musu waya ta ƙarfe ta shige cikin ɓawon da santimita ɗaya.